Yadda Na Kai Wa Kawu Na'ura Lome, Na Ɗauke Wa Mai Shinkafa Intanet

Tun da na dawo daga Lome ban huta da tambaya ba. Abokan sana'ata na layin masu gyaran waya a nan Gusau, da 'yan majalisarmu ta bayan la'asar, kowa sai ya ce Sabi'u ba mu labari, yaya ƙasar take, da gaske ne teku a bakin titi yake. Ina ba su, amma ina datse wasu wurare. Inda na yi abin kirki sai in ja shi da tsawo, inda na ji kunya sai in ce an kusa kiran salla. Yanzu na ga gara in rubuta shi dukansa in huta, Allah ya yafe mini gishirin da na riga na ƙara.

Kawuna Malam Idi ƙanen mahaifiyata ne. Ya tafi Lome neman karatu tun yana saurayi, ya zauna a Zongo, ya yi iyali, yanzu shi ke tafsiri duk azumi a wani ƙaramin masallaci na unguwarsu. Inna kuwa idonta ya tafi, ƙafa ma ba ta kai ta zaure sai an riƙe ta. Suna gaisawa ta waya, amma ba ta taɓa jin ƙanenta yana tafsiri ba. Bara an gwada ajiye waya a gaban lasifika, kira ya yi ta shigowa yana katsewa, wayar ta yi zafi ta mutu, Kawu ya ce kada a ƙara yi masa haka a majalisi. Ni da bakina na ce wa Inna bana za ta ji shi tun daga ranar buɗewa, tana kishingiɗe a ɗakinta. Ta lalubo hannuna ta ce ta riƙe maganar.

Na haɗa wata 'yar kwamfuta wadda girmanta bai wuce sabulun wanki ba. Za a jona ta da amfilifayar masallaci, ita kuma ta riƙa tura sautin ta intanet da kanta, ko ina nan ko ba na nan. Don kada ta yi nauyi ban sa mata hotuna ko tagogi ba. Baƙin allo ne kawai, ka rubuta mata umarni ta amsa maka da rubutu. A shagona ta yi aiki lafiya lau, amma da waya na jona ta da intanet, ban taɓa gwada ta da waifai ba. Da Kawu ya tambaye ni ko na gwada komai, na ce komai na gwada. Daga nan na fara kauce hanya.

A motar Legas na zauna kusa da wani dillalin motoci mai suna Alhaji Buba, zai je Kwatano. Mutum ne mai fara'a, ya raba kilishinsa da ni tun kafin mu bar gari. Da ya tambayi sana'ata sai na ji bakina ya ce injiniyan sadarwa. Ni da sakandare kawai na gama, sauran a bidiyo da bakin benci na koya. Ya riƙa girmama ni, har wurin taga ya bar mini, ni kuma ina ta hura hanci.

A iyakar Seme aka buɗe jakata. Jami'in ya zaro safa, ya zazzage ta, sai ga 'yar kwamfutata da na cusa a ciki, tsirara da wayoyi suna reto. Ya ja baya kaɗan, ya tambayi mene ne wannan. Kafin in buɗe baki Alhaji Buba ya matso don ya taimake ni, ya ce ai wannan babban injiniya ne, mutanen Togo ne suka aiko a kira shi. Jami'in ya ce to madalla, injiniya ya nuna katin aikinsa. A gaban duk fasinjojin motarmu na ce ni mai gyaran waya ne a kasuwa. Ya yi dariya har ya dafa tebur, sannan ya zaro wayarsa ya ce ba ya jin magana in an kira shi. Na nemi tsohon buroshi na goge masa ramin sautin, ta buɗe, ya mayar mini da safata ya ce in wuce. Daga nan har Kwatano Alhaji Buba bai ƙara ce mini injiniya ba, sai dai da ya sayi soyayyen cuku a hanya ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba.

Ban taɓa ganin babura kamar na Kwatano ba, duk masu tuƙin da riguna ruwan ɗorawa, kamar an zubar da ƙwai a titi. Daga can hanya ta bi gefen teku. Na liƙa fuskata a gilashi kamar ba magidanci ba, ina kallon ruwan da ba shi da ɗaya gaɓar, da itatuwan kwakwa, da masunta suna jan igiya a jere suna waƙa. A iyakar Togo mota ta wuce, mu muka bi ta da ƙafa, kowa na Faransanci ni ina murmushi. Da muka shiga sai na ga agogon wayata ya koma baya da awa guda. Na ce wayar ta fara shirme, na gyara shi da hannu. Ashe agogon ƙasar ne haka. Washegari na tashi gidan Kawu kaf ina buga ƙofofi wai za a makara asuba, alhali ladan ma bai farka ba.

'Yar Kawu ce ta tarbe ni a tasha, Adiza, wadda ke karatu a jami'a. Taubashiyata ce, don haka tun ban sauke jaka ba ta fara. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai ne injiniyan da Baba yake ta yi wa mutane shela? Ina kayan aikin?"

Na nuna mata safar.

Ta ce, tana somawa da Faransanci, "Bon. Ashe ƙafa ɗaya ce ta zo, ɗayar tana Gusau."

Zongo ya ba ni mamaki. Ko'ina Hausa kake ji, amma da ka tambaya sai ka tarar wannan Bazabarme ne, wancan Kotokoli, wancan kakansa daga Ilori ya zo. Malami Alfa suke ce masa. Da yawansu mace ma "ya" suke ce mata, har na yi ta neman namijin da aka ce ya haihu. Matasa kuwa sukan fara magana da Hausa su ƙarasa da Faransanci, waifai ma "wifi" suke cewa. An sauke ni a ɗakin littattafan Kawu, tabarma da fanka da ƙamshin tsohuwar takarda. Da dare aka kawo tuwon masara mai ɗan tsami da suke kira akume, da miyar ganye mai yauƙi kamar lalo, amma cike da kifi da ƙaguwa. Na gatsa ƙaguwar da ɓawonta, Adiza ta ce in ci a hankali, ba ƙashin rago ba ne. Burodinsu dogo ne kamar sandar makiyayi, a hammata ake ɗauko shi.

Abincin da ya fi kama ni shi ne shinkafa da wake na wata mata da ke sayarwa da safe a gefen masallaci, Da Afi. Da ɗin nan kamar Yaya ne a harshensu. Kirista ce, da sarƙar gicciye a wuya, amma ta san lokutan salla sarai, kuma an ce da azumi takan mayar da tukunyarta yamma don kada ƙamshi ya dami mutane. Nijeriya take kirana. Kullum sai ta ƙara mini dafaffen ƙwai, ta ce baƙo ne.

Aikin kuwa ga yadda ya tafi. Na ɗauko talabijin ɗin falon Kawu na mayar da shi allo, Adiza ta ara mini kibod ɗinta. Na Faransa ne, haruffan ba sa inda yatsana ya saba, sai da na rubuta loadkeys fr da ƙyar kafin muka daidaita. Sai na rubuta nmcli device wifi list don ta nuna mini waifan da ke kusa. Ba ta nuna komai ba. Na rubuta rfkill list, sai ta ce rediyonta a toshe yake. Ashe irin waɗannan na'urori ba sa buɗe waifai sai ka gaya musu ƙasar da suke, don kowace ƙasa da tashoshin da ta yarda a yi amfani da su. Na rubuta iw reg set TG, na bi da rfkill unblock wifi, na sake neman jerin.

Wallahi ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Sunaye suka zubo a baƙin allon nan, na shaguna, na gidaje, wani ya sa sunan 'yarsa, wani ya sa addu'a. Duk unguwar tana yawo a iska, ni kuma ga ni ina ganinta a talabijin. Wanda ya fi ƙarfi na wani maƙwabci ne, Fo Komlan, mai doguwar eriya a kan rufin gidansa, kuma ba ya neman kalmar sirri. Na rubuta nmcli device wifi connect da sunan, ta ce an haɗu. Da gudu na je na ce wa Kawu an gama. Shi kuma bayan azahar ya sanar wa jama'a, aka yi ta sa mini albarka.

Da na dawo na rubuta ping don in ga ko saƙo yana fita ya dawo. Shiru. Na sake, shiru. Adiza ta leƙo, ta yi mini bayani. A unguwarsu mutum ɗaya ne ke jawo intanet gidansa ya kafa eriya, sauran su sayi tikiti a wurinsa, na yini ko na wata. Kowa na iya haɗuwa, amma sai wani shafi ya buɗe a wayarka ka sa lambar tikitin kafin a bar ka ka fita. Tawa na'urar kuwa ba ta da abin buɗe shafi. Na gwada jawo shafin da curl, ya zubo mini tarin rubutun da ban gane kansa ba.

Adiza ta ce abin mai sauƙi ne, Fo Komlan yana iya yi wa na'urar rajista a wurinsa ta riƙa wucewa ba shafi. "Ka je ka gaishe shi, ka ce masa ka kasa."

Da ba ta ce "ka kasa" ba, wataƙila da na je. Na ce mata ba na bukatar kowa.

Ga abin da nake datsewa in ina ba ku labari. Kowace waya da kowace kwamfuta tana da lambarta ta kanta, kuma da wannan lambar na'urar Fo Komlan take gane wanda ya biya. Na san yadda ake duba lambobin waɗanda ke kan waifai ɗaya da kai, na kuma san yadda ake sa wa na'ura lambar wani. Da la'asar, ba kowa a ɗakin, na zaɓi ɗaya na liƙa wa tawa. Na rubuta ping, amsa ta fara saukowa layi bayan layi. Na kira matata Maryam a gida na ce ta buɗe sautin a wayarta, na sa Kawu ya yi sallama a makirfo, ta ce ta ji, sai dai yana ɗan yankewa. Na ce wa zuciyata ai ɗan kaɗan ne, kuma aikin Allah ne. Na san ba haka ba ne tun ina faɗa.

Washegari, jajiberen azumi, na tarar da Da Afi ranta a ɓace. 'Yarta ta haihu a can garin Kpalime, jikarta ta fari, kuma tun jiya da yamma wayarta ke yankewa, da fuskar jaririyar ta fara bayyana sai ta daskare. Ga shi tikitin wata ta saya. Ta ce ta je ƙofar Komlan ta wanke shi tas a gaban mutane, ta kira shi ɓarawo mai sayar da iska. Na ce ta kawo in duba mata, tunda sana'ata ce. Na shiga cikin wayar na ga lambarta. Ita ce. Na miƙa mata na ce matsalar sabis ce. Ta gode mini, ta ƙara mini ƙwai, na kuma ci.

Ranar farko ta azumi, da hantsi, Kawu ya kira ni. Ya ce jama'a sun haɗa abin da za a riƙa biyan intanet, wa za a kai wa? Tambayar ke nan, ba wani tarko a ciki. Na buɗe baki in ƙirƙiro wani abu, sai na tuna da azumi a bakina. Na gaya masa duka, tun daga waifan da ban gwada a gida ba. Ya ajiye carbin da ke hannunsa.

Sannan ya ce, "Je ka kashe na'urar. Littafin Allah ba zai bi ta kayan sata ya je kunnen Yaya ba. In matar nan ta yafe, ka kunna. In ba ta yafe ba, kai za ka kira uwarka ka gaya mata dalili."

Ga la'asar tana tafe, ga Inna an riga an share mata ɗaki, har ta gayyato maƙwabta.

Kawu ya ce a nan ba a zuwa ba da haƙuri mutum shi kaɗai, sai da ɗan rakiya, ya haɗa ni da Adiza. Duk hanyar ba ta tsokane ni ko sau ɗaya ba, wannan ya fi tsokanar ciwo. A gidan Da Afi na so in fara magana tun daga ƙofa, Adiza ta taka mini ƙafa. Sai da aka kawo kujeru, aka kawo ruwa a kofi ko da yake ta san muna azumi, na karɓa da hannu biyu na mayar. Sai gaisuwa, ina mutanen gida, ina yara, ina mutanen inda muka fito, kamar ba jiya muka rabu ba. Sai da aka gama duk wannan ta tambayi abin da ke tafe da mu. A wurinmu da tuni na faɗa na fita. A nan kuwa sai da na zauna da laifina a cinya har aka zo kansa.

Na faɗa da Hausa, inda ta kasa ganewa Adiza ta cike mata da harshensu. Ta ɗora hannu a haɓa tana kallona.

"Kai, Nijeriya? Kai da na ba wayata ka duba?"

Na ce ni ne.

Ta ce nata ta yafe, jaririya ba guduwa za ta yi ba. Amma Komlan da ta kira ɓarawo a bainar jama'a, wannan ba ita ke da yafe shi ba. Ta ɗaura ɗankwali ta ce in tashi, inda ta faɗi nata nan zan faɗi nawa.

Ƙofar Fo Komlan a bakin hanya take, ga teloli, ga 'yan babur a inuwa. Ya fito da gajeren wando, ƙaton mutum, fuska a murtuke. Na tsaya a tsakiya na ɗaga murya na ce ba shi ya cuci Da Afi ba, ni ne, na kuma faɗi yadda na yi. Ya yi ta faɗa da Faransanci yana nuna eriyarsa yana nuna ni. Na tambayi Adiza me yake cewa, ta ce wannan ba na kunnen mai azumi ba ne. Da Afi ta matsa ta riƙe hannunsa biyu ta ba shi haƙuri, 'yan babur suka sa baki. Can ya numfasa, ya tambayi girman kwamfutar da ta yi masa wannan ɓarna. Da na kwatanta masa da hannu sai ya ce ƙarya ne, sai ya gani.

Haka muka ɗunguma zuwa masallaci, shi da kwamfutarsa a hammata. Ya cire takalmi ba wanda ya ce masa, ya tsuguna yana juya 'yar na'urar a tafin hannunsa yana dariya. Na kunna ta da lambarta ta gaskiya, na rubuta ip link show wlan0, na karanta masa lambar, ya shigar da ita a wurinsa. Ya kafa sharaɗi, masallaci zai riƙa biyan na wata kamar kowa, ni kuma kafin in bar garin sai na zauna da shi mun duba yadda zai toshe ƙofar da na bi. Na amince tun bai rufe baki ba. Ladan yana gyara makirfo na rubuta ping. Amsa ta sauko, layi bayan layi, ba tsallake ko ɗaya. A bakin ƙofa kuma Da Afi tana nuna wa matan unguwa fuskar jikarta, tana motsi, ba ta daskare ba.

Gaskiya ban ji tafsirin ranar ba. Ina jingine da bango ina kallon baƙin allo, har Maryam ta rubuto cewa suna ji tar, ɗakin Inna ya cika har tsakar gida.

Hanyar dawowa ba ta da labari, sai dai duk wanda ya tambayi sana'ata na ce masa gyaran waya. Na'urar tana can a kan kanta bayan mumbari, ta yi aikinta har aka rufe tafsiri. Abin da ya tsaya mini shi ne buɗa-bakin ranar farkon nan. Muna kan tabarma da kunu da ƙosai, ni da Kawu da Adiza, sai saƙon murya ya shigo daga wayar Maryam. Na kunna, muryar Inna ce. Na zaci ni za ta yaba. Ko sunana ba ta ambata ba.

"Idi, na ji ka. Da ka ja ayar farko sai da na ce wa yaran nan su yi shiru, don na ɗauka Babanmu ne ya dawo. Yaushe muryarka ta zama tasa ban sani ba? Gobe ka rage sauri, kunnena ba kamar da ba ne."

Kawu ya ajiye kofin kunun bai sha ba. Ya jawo gefen rawaninsa ya goge fuska. Sannan ya miƙo hannu wajen wayar, ya ce, "Sabi'u, sake kunna mini."